Gaba Biyun da Siddo Ya Ƙara

A Tungar Ɗorowa, can gefen fadama tsakanin Yelu da Gaya, idan ka ce wa Siddo mai haƙar rijiya "ina kwana," sai ya dube ka tukuna, ya auna abin da ya kai ka tambayar kwanansa, sannan ya amsa. Ba mugu ba ne, ko kusa. Mutum ne da ya yi shekara arba'in yana sauka rami da igiya a ƙugu, ransa a hannun wanda ke riƙe da ɗaya bakin igiyar. Ya koyi duba kowane ƙulli sau biyu, har abin ya zarce yana duba ƙullin maganar mutane. Matarsa Ajuma takan ce ko tuwon da ta tuƙa sai ya leƙa ƙarƙashinsa. Shi kuwa yakan ce gaskiya ne shekara talatin da biyar bai ga komi a ƙarƙashin ba, amma wannan ba dalilin daina leƙawa ba ne.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ga dogayen hannuwa kamar an aro su daga jikin wani. Da hannuwan nan yake awo. Ya buɗe su daga yatsa zuwa yatsa, gaba ɗaya ke nan. Bai taɓa yarda da metir ba, don a cewarsa bai san wanda ya yanka shi ba.

Ubansa, marigayi Hamani, ya bar masa dagi, da igiya, da magana biyu. Ta farko ita ce ruwa biyu ne a ƙarƙashin fadamar nan. Akwai na bisa, wanda damina ke ciyarwa, mai daɗin sha. Akwai na can ƙasa, tsoho, mai zartsi, mai ƙarfi, wanda kullum yake neman kafar da zai hau. Tsakaninsu baƙin yumɓu ne shimfiɗe, wanda gidansu ke kira tabarma. "Ranar da daginka ya taɓa tabarma," in ji Hamani, "ka ajiye dagi, ka gode wa Allah, ka fito."

Magana ta biyu ta gida ce, ba a kai ta waje. Zurfin rijiya kamar cikin mace ne, ba a faɗa wa kowa ainihin watanninsa. Duk wanda ya tambaya, ka ƙara masa gaba biyu. Idan mai mugun baki ne, sai bakinsa ya wuce idon ruwan, ya je ya nutse cikin laka shi kaɗai. Ba wanda ya taɓa cutuwa da wannan ƙari, tunda ba zurfi ake nema wajen mai haƙa ba, ruwa ake nema. Siddo ya riƙe maganar nan kamar yadda ya riƙe dagin.

Rijiya arba'in da ɗaya ya haƙa a rayuwarsa, kuma ta ƙarshe ita ce abar alfaharinsa: rijiyar garkar mata. Shekara goma sha biyu ke nan da matan tunga suka haɗa kai suka shinge fili, ya haƙa musu, ya jera zobban siminti, ruwa ya fito mai daɗi har masu kabu-kabu da ke wucewa Gaya suna tsayawa su sha. Daga ita gwiwarsa ta fara yi masa gardama, ya rataye igiya. Baƙo in ya tambaye shi sana'arsa, ba ya dogon bayani, sai ya nuna garkar da haɓa.

Bara waccan ruwan ya fara sauyawa. Da fari wani fari-fari ne yake kwanciya a bakin fangali in ƙasa ta bushe. Sai bakin ganyen albasa ya riƙa ƙonewa, tumatur ya tsaya bai tafi ba bai dawo ba. Shugabar matan, Bibata, ƴar kawun Siddo ce, wato taubashiyarsa, saboda haka Allah ya ba ta izinin faɗa masa abin da wasu ke faɗa a bayansa.

"Kai, mai rami!" ta kira shi daga cikin shinge. "Rijiya ka haƙa mana ko tukunyar miya? Mun daina sayen gishiri, sai mu zura guga mu ɗebo."

"Hannunki ne mai gishiri, Bibata. Tun kina ƙarama duk abin da kika dasa sai ya yi nadama."

"To albasar wasu fa? Ita ma ni na taɓa ta?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta sauka cikinsa ba. Ya san abin da ake raɗawa a bakin masallaci: wai tsufa ya sa Siddo ya zarce, ya huda tabarma, ruwan ƙasa ya samu ƙofa. Kuma mutanen projen da ke taimakon garkar sun ce in ta tabbata rijiyar ce ƙofar, za a cika ta da siminti, a kawo mashin ta huda wata. Rijiyar da ta ƙafe, kowa ya san ikon Allah ne. Wadda aka toshe da siminti kuwa shaida ce a kan mai haƙarta, kuma tana nan zaune a tsakiyar gari har jikoki su tambaya.

Ana cikin haka sai ga Nuriya a bayan moto, wato babur, da jaka a baya, da hular rana bisa kallabi. Ƴar Gaya ce, ubanta mai kamiyo ne, babbar motar kaya da ke tsallaka gada zuwa Malanbil, ita kuwa ta yi karatun ruwan ƙarƙashin ƙasa a Yamai. Siddo ya tattara waɗannan labarai uku, bai ga ko ɗaya mai kwantar da hankali ba. Mutanen Gaya, a ganinsa, mutane ne da suke zaune a bakin kogi suna sayen ruwa a leda. Mai wannan hali me zai koya wa wani game da ruwa?

Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, abin da ya ƙara masa shakka.

"Baba Siddo, an ce duk yankin nan ba wanda ya san cikin ƙasa kamarka."

"Wa ya ce?"

"Kowa."

"Kowa ba ya da suna?"

Ta yi murmushi, ta buɗe jaka ta fiddo wani ƙarfe kamar guntun rake, da siririyar igiya a wuyansa. Ta ce za ta rataya shi cikin rijiya, zai riƙa lura da hawan ruwa da saukarsa da zartsinsa, kowace awa. Ta riga ta rataya irinsa a rijiyoyi da foraj, wato rijiyoyin burtsatse, masu yawa, daga Karakara har bakin kogi. Duk labarin za a zuba shi cikin ordinatar, wato kwamfuta.

"Ita ordinatar tana ganin ƙarƙashin ƙasa?"

"A'a, Baba, ba ta ganin komi. Koyo take yi. Muna ba ta labarin rijiya ɗari biyu: zurfin kowace, irin ƙasar da aka ratsa, yadda ruwanta ke motsi bayan damina, da ɗanɗanonsa. Sai ta yi ta kwatanta wannan da waccan har ta gane alamun wurin da ruwan ƙasa ke haɗuwa da na bisa. Daga nan ta yi mana hasashen inda kafar take."

"Wato ƴar koyo ce."

"Ƴar koyo ce."

"Ta taɓa sauka rijiya?"

"Ba ta taɓa ba."

"Ta taɓa lasar ƙasa?"

"Ba ta da harshe, Baba."

Siddo ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda ya kama ɓarawo da akuya a kafaɗa. Ƴar koyon da ba ta sauka, ba ta lasa, amma tana son labarin rijiyar kowa. Ya san irinsu. A zamanin ubansa ma akwai su, sai dai a lokacin suna da ƙafafu.

Nuriya ta zura awonta cikin rijiyar garka, ya tsaya a metir takwas da rabi. Ta ce wannan zurfin yau ne, tunda rairayi yana cika rijiyar fadama a hankali. Abin da take buƙata shi ne inda daginsa ya tsaya ranar da ya gama, kuma wannan ba wanda ya sani sai shi. Ta buɗe kaye, littafinta na rubutu, ta ɗora alƙalami.

Gaba shida ya haƙa. Yana tunawa kamar jiya, da ƙamshin baƙin yumɓun da ya manne a bakin dagi.

"Gaba takwas," in ji Siddo.

Ta sa ya buɗe hannuwansa ta auna su, ta yi ɗan lissafi, ta ɗaga gira.

"Rairayi ya ci mata kusan gaba uku ke nan?"

"Ƴata, ke kika haƙa ko ni?"

Ta ba shi haƙuri, ta rubuta. Kwana biyu suna zagaya ƙauyuka, shi a bayan moto yana riƙe da hularsa, yana ba ta zurfin rijiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, kowace da ƙarin gaba biyunta, ba gaggawa ba mantuwa. Da yamma ya dawo gida da nishaɗi, ya ce wa Ajuma yau ya ciyar da wata baƙuwa har ta ƙoshi.

Wata bakwai ƙarfen yana rataye cikin rijiya. Siddo ya sa masa suna ɗan tsegumi. Kullum da hantsi sai ya je ya leƙa shi, ya ga ko ya matsa daga inda aka bar shi. Ya hana mata yin zancen gida a bakin rijiya. Sau ɗaya ya ɗora tsinke bisa igiyar don ya gane ko wani yana zuwa ya jawo shi a ɓoye, iska ta ɗauke tsinken, ya yi kwana uku yana zargin mai gadin garka.

Bayan girbin gero aka kira taro a ƙarƙashin mangwaron garka. Mata suka shimfiɗa tabarmi, maza suka jingina da shinge. Ga Nuriya, ga Abdulhakim, wakilin proje, mutum mai son a gama magana kafin shayi ya huce. Nuriya ta buɗe ordinatar, ta juyo da ita wajen jama'a. Taswirar fadama ce, shuɗiya, da ɗigo-ɗigo ja a warwatse. Ta ce ja shi ne inda ordinatar ke zaton ruwan ƙasa yana hawa. Ta maimaita sau biyu cewa zato ne, ba rantsuwa ba.

Bibata ta matso ta ƙura ido. Ba ta yi lakwal ba, wato boko, amma ta san ƙasarta.

"Wannan jan ba rijiyar gidan liman ba ce? Wannan kuma ta mashaya. Wannan tamu." Ta ɗago kai. "Yo, ai duk inda mai rami ya tsuguna ne ya yi ja!"

Aka yi dariya, irin wadda ake yi ana satar kallon mutum. Siddo bai motsa ba.

"Na faɗa muku," in ji shi. "Tun ranar da aka rataya ɗan tsegumin nan na san da sunana aka aiko shi. Masu mashin ne ke son aiki."

"Baba, ba wanda ya aiko shi," in ji Nuriya, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kuma ba daga ƙarfen ta ɗauko wannan ba. Takardun foraj na yankin nan sun nuna yumɓun yana farawa wajen metir goma, ya ƙare wajen sha biyu. Gaba takwas ɗinka ya haura metir sha uku. Ordinatar ta ga rijiya mai zartsi wadda ta wuce yumɓu, ta ga sauran naka su ma sun fi na maƙwabtansu zurfi, sai ta ɗauka hannun mai haƙar ne. Ni kaina ban gamsu ba, don wasu rijiyoyin naka da ta yi wa ja ruwansu lafiya lau. Ina son ƙarin lokaci."

"Lokaci kuma?" in ji Abdulhakim. "Madam, lokacin dashen albasa ya zo. Siminti yana Gaya, ranar Laraba ta sama kamiyo zai kawo shi."

Siddo bai ji sauran ba. Metir sha uku ne ke yi masa amo a kunne. Shekara arba'in yana jiran mai mugun baki ya wuce idon ruwa ya faɗa laka, ashe wanda zai faɗa ɗin yana sanye da rigarsa.

Kwana uku yana zagaya gida kamar kazar da ta rasa wurin ƙwai. Ya auna ta nan: in ya yi shiru, siminti ya shiga rijiya, sunansa ya bi shi. Ya auna ta can: in ya yi magana, ya kwance ƙullin ubansa a gaban duniya, ya bar rijiya arba'in da ɗaya tsirara, kuma ya ba Bibata abin da za ta ci har ƙarshen ranta. Ya yi tunanin ko dabara ce tun farko, an shirya jan nan ne don a matse gaskiya daga bakinsa. Wannan tunani ya fi yi masa daɗi, ya riƙe shi yini guda. Ajuma ce ta ƙwace shi.

"Malam, wa ya ce wa yarinyar nan takwas?"

"Ni na ce."

"To wa ya shirya maka makircin?"

Ya ce mata miyar jiya ta yi gishiri. Ta ce daga rijiyarsa ta ɗebo ruwan.

Ranar Asabar da safe ya hau kabu-kabu zuwa Gaya. Ya wuce layin kamiyoyi masu jiran tsallaka gada, ya wuce masu soyen kifi, ya yi tambaya har aka nuna masa gidan su Nuriya. Ya tarar da ita a zaure, ordinatar bisa cinya. Ya zauna nesa da abar, ya juya mata gefe, don kada ta ga bakinsa.

Bayan gaisuwa ta kai har ga kaji, ya yi gyaran murya.

"Ƴata, tambaya ce, ba don komi ba. Ita wannan ƴar koyon taku, in wani ya gaya mata abin da ba daidai ba, tana ganewa?"

"Wani lokaci tana nuna cewa akwai abin da bai zauna ba. Amma yawanci abin da aka ba ta shi take haɗiya."

"Ko da daga bakin dattijo ne?"

"Ta fi haɗiyar na dattijo, tunda ni na ce mata ta yarda da shi."

Wannan ta soke shi. Ya dubi tabarmar zauren, ya dubi rufi.

"Akwai wani mutum," in ji shi, "can wajen Karakara. Mai haƙa ne shi ma. Gidansu suna da wata al'ada."

Ya ba ta labarin mutumin Karakara daga farko har ƙarshe, da cikin mace, da mugun baki, da laka. Nuriya ta saurara ba ta ko ƙifta ido ba. Da ya gama ta rufe ordinatar a hankali.

"Baba, shi mutumin Karakaran, duk rijiyoyinsa ya ƙara wa, ko wasu?"

"Duka. Mutum ne mai tsari."

"Biyu-biyu, ba ya sauyawa?"

"Sauyawa kuma? Ai ba maƙaryaci ba ne!"

Nan dariya ta ƙwace mata. Ta rufe baki da gefen kallabi, ta ba da haƙuri, ta sake fashewa. Siddo ya haɗe rai, amma ya ji wani abu ya sauka daga kafaɗarsa. Da ta natsu ta ce wannan shi ne kuskure mafi daɗin gyara, tunda cire biyu daga kowace ba wuya. Sai dai akwai matsala. Da farko ya ce takwas, yau ya ce shida. Abdulhakim zai ce tsoron siminti ne ya rage zurfin.

"Da ni ne ma haka zan ce," in ji Siddo. Ya miƙe tsaye. "A yashe rijiyar, a ga inda dagina ya tsaya. Ni zan sauka."

"Da gwiwar nan?"

"Gwiwa ce ba ta son hawa. Sauka ba ta taɓa ƙi ba."

Ranar Litinin da hantsi garka ta cika. An kawo motopompi ya janye ruwan. Siddo ya fito da tsohuwar igiyarsa, ya bi ta kamu-kamu yana murzawa, ya ƙi ta Abdulhakim sabuwa fil don bai san tarihinta ba. Kafin ya ɗaura, ya tsaya a bakin rijiya ya faɗi abin da ya zo faɗa, a gajarce, idonsa a kan shinge: gaba shida ce, ba takwas ba, kuma haka duk sauran, a cire biyu.

Sai Bibata ta tafa hannu.

"La ilaha illallahu! Shekara goma sha biyu ina gaya wa matan Yelu rijiyarmu gaba takwas ce! Ashe rijiyar ma irin mai ita ce, gajera da dogon labari!"

"Riƙe igiya, Bibata, ki bar baki ya huta."

"Ni za ka ba igiya? Ba ka tsoro?"

"Ina tsoro. Amma ke kaɗai ce na tabbata ba za ki sake ni ba, don ba ki gama da ni ba."

Ta kama igiyar tare da maza huɗu, ta naɗe ta a hannu sau biyu. Fuskarta ta daina wasa.

Ya sauka. Guga ya riƙa hawa da jiƙaƙƙen rairayi, mata suna karɓa suna zubarwa. Ban da rairayi an fiddo takalmi ɗaya, da ludayi uku, da wata salula da mai ita ta rantse tun bara cewa a kasuwar Gaya aka sace mata. Motopompi yana ta tari, ruwa yana ta tsattsafowa ta gefen zobba. Rana ta take tsaka, ta fara karkata. Can sai igiya ta motsa sau uku, guga ya hau da nauyi daban. A cikinsa curin baƙin yumɓu ne, mai santsi, mai danƙo.

Nuriya ta zura awonta: metir goma da ɗan kai. Muryar Siddo ta taso daga ƙasa, tana amsa-kuwwa.

"Ku ce wa Abdulhakim ya sauko ya taka da ƙafarsa! In ya samu huda ko ta allura ce, ya rufe rijiyar da ni a ciki!"

Abdulhakim ya leƙa, ya dubi takalminsa, ya ce ya yarda da awon Madam. Nuriya ta zura salularta da igiya don ta ɗauki hoto, Siddo ya zagaya da ita bisa yumɓun yadda ta ce, yana gunaguni cewa yanzu ɗan tsegumi ya samu ƙane. Kafin ya fito ya yi abin da ba wanda ya sa shi: ya lasa ruwan da ke tsattsafowa ta kowace kusurwa. Na gabas da na kudu da sauƙi. Na arewa ya tofar.

Da aka jawo shi, laka har gira, Nuriya na zaune a gindin mangwaro tana cire biyu-biyu daga rijiya arba'in da ɗaya. Ta sa ordinatar ta sake koyo daga farko. Aka yi sallar la'asar, aka dawo. Jan ya bar rijiyoyin Siddo. Ya tattaru wuri guda, arewa da garka, bayan gonar rake.

"Me ke can?" ta tambaya.

Bibata ce ta tuna. Wani tsohon foraj ne, tun tana amarya aka huda shi, ruwansa yana fitowa da kansa ba pompi, amma ba ya shayuwa. Daga baya aka ɗaure bakinsa da ƙarfe aka manta da shi, ciyawa ta rufe.

Nuriya ta ce mai yiwuwa bututunsa ne tsatsa ta ci a ƙasa, ruwan zurfi yana bi ta nan yana shiga na bisa, yana gangarowa garka. Ta ce har yanzu zato ne, sai an auna. Siddo ya ce shi harshensa ya riga ya auna, amma ba laifi a bar ƴar koyo ta gwada, ta haka ake koyo.

Suka ɗunguma gaba ɗaya ta cikin rake, shi yana ɗingishi a gaba. Suka tarar da guntun bututu ja da tsatsa, ƙasar kewayensa jiƙe cikin rani, da farin gishiri kwance bisa ciyawa. Siddo ya durƙusa da ƙyar, ya kara kunne a jikin ƙarfen, ya daɗe.

"Yana tafiya," in ji shi.

Abdulhakim ya share gumi, ya ce to, simintin Laraba ba zai shiga rijiyar garka ba. Za a ajiye shi har masu aikin foraj su zo su duba wannan. Nuriya ta gaya wa matan gaskiya, cewa ko an toshe, zartsin ba zai tafi rana ɗaya ba, sai damina ɗaya ko biyu ta wanke ƙasa. Bibata ta ce albasa ta yi haƙurin shekara biyu, za ta ƙara.

"Ina za a ajiye simintin?" in ji Siddo.

"A garka mana, Baba."

"Kusa da rijiyata? A'a. A kai shi zaurena."

"Ba ka yarda da mu ba ke nan?"

"Na yarda da ku sarai, Abdulhakim. Simintin ne ban sani ba."

Ranar Laraba kamiyo ya wuce garka bai tsaya ba, ya sauke kayansa a zauren Siddo, inda ya riga ya gyara wurin zamansa yana fuskantar buhunan. Can cikin shinge kuwa guga yana sauka yana hawa, matan suna dashen albasa.